Yadda ake gyaran tsohon kofin gasa ba tare da an goge labarinsa ba

A gidaje da dama na Birni da Zango da Sabon Gari a Damagaram ta Nijar, da ofisoshin makarantu da ɗakunan ƙungiyoyin ƙwallo na unguwa, akwai kofin da aka ciyo shekaru can baya, yana bisa kabad ya sha ƙurar hunturu ashirin ko talatin. Kunne ɗaya ya ɓalle, wuya ya karkace, rubutu ya dushe. In aka tashi gyara shi, abu biyu aka saba yi: a dirje shi da toka da yashi kamar tukunya, ko a fesa masa fenti ruwan zinariya. Kowannensu ya fi ƙurar ɓarna, domin dirza tana cinye shafen da ke jikinsa har da harufan, fenti kuwa yana binne su. Abin da ake nema shi ne kofi ya tsaya da ƙafarsa, a iya miƙa wa yaro shi ba fargaba, a karanta abin da ke jikinsa, mai labarin kuma in ya gan shi ya ce lalle wannan ne.

Kafin ruwa ya taɓa shi

Nemo wanda ya ciyo kofin, ko abokin wasansa, ko malamin da ya raka yaran, ko uwargidan da ta adana shi. Ka ɗora masa shi a hannu da dauɗarsa yadda yake, ka kunna ɗaukar murya a waya, ka ba shi minti 20 zuwa 30. Kada ka fara da tambayar shekara, nan take dattijo yake cijewa. Nuna masa tabo ka ce, "Baba, wannan lotsawar daga ina?" Daga nan sauran ke biyowa: da wa aka kara, a wane fili, wa ya yi kiɗa, wane kirari aka yi. Shekarar takan fito da kanta ta wata hanya. Wanda ya ce maka kofin gasar ƙungiyar matasa ta samariya ne na zamanin shugaba Seyni Kunce ya riga ya sa ka tsakanin 1974 da 1987, sai ka matse da auren wane ko haihuwar wance.

Wannan zaman shi zai raba maka tabon gida biyu. Akwai na ranar nasara, kamar bakin da ya lotsa lokacin da kofi ya kuɓuce daga bayan mota ana zagaya gari, ko wurin da shafe ya koɗe saboda hannuwan da suka yi ta riƙo. Waɗannan a bar su, a kansu labarin yake rataye. Akwai kuma na sakaci: tsatsa, cin gara, kunnen da ya karye wajen ƙaura. Su ne aikinka. Zana kofin a takarda ka sa alama a kan kowane tabo, wanda za a taɓa da wanda za a ƙyale. Kada ka liƙa salatif a jikinsa don alama, yana iya tasowa da shafen.

Ɗauki hoto ta fuska huɗu da ƙasa. Rubutun da ya dushe da dare ake karanta shi: kashe fitila, ka kwantar da hasken tocila daga gefe, ramin kowane harafi zai yi inuwa. Sannan ka shimfiɗa siririyar takarda a kai ka shafa gefen bakin fensir a hankali. Kwafi rubutun harafi da harafi, na Faransanci ne ko Hausa ko Larabci, har da kuskuren mai sassaƙar in ya yi.

Da me aka yi shi

Yawancin ɓarnar da ake yi wa kofi daga nan take, a ɗauka tagulla ce alhali roba ce. Fara da mayen ƙarfe. In ya kama, baƙin ƙarfe ne aka yi wa siririn shafe, kuma tsatsa ce matsalarsa. In bai kama ba, ƙwanƙwasa da farce ka auna nauyi a hannu. Roba ba ta da nauyi, ba ta yin sanyi a kunci, ƙararta a dushe take, kuma sau da yawa ana ganin layin haɗi a gefenta. Tagulla tana amo kamar ƙararrawa, inda shafe ya koɗe kuma rawaya ke leƙowa. Ɗan mutum-mutumin da ke saman kofi da kunnuwa masu ado galibi zubin tutiya ne: da nauyi, ba amo, in ya karye cikinsa ruwan toka ne mai tsaki-tsaki. Wannan ƙarfen ba ya lanƙwasuwa, karyewa yake, yana kuma narkewa a wajen digiri 385, alhali tagulla sai ta kai wajen 900. Maƙerin da bai bambance su ba zai mayar maka da ɗan ƙwallonka dunƙule cikin ƙiftawar ido.

Duba ƙasa da gefen baki ko akwai hatimi. Lambar 925 ko 800 tana nufin azurfa ce har ciki. Ɗan ƙaramin kan mace mai hular yaƙi hatimin azurfar Faransa ne. Harufan EPNS kuwa suna nufin ruwan azurfa ne kawai a kan wani ƙarfe. Shafe irin wannan ya fi gashin kai siranta nesa ba kusa ba, kowace goga tana rage shi, kuma abin da ya tafi ya tafi ke nan.

Kwancewa da wanki

Kusan duk kofin gasa sanda ɗaya ce mai haƙora ke riƙe da shi, ta ratsa daga ƙoƙon ta bi ta wuya ta fito ƙarƙashin mazauni, inda noti ya ɗaure ta. Kaurinta galibi milimita 6 ne, notinta na sufana lamba 10. Mai milimita 8 kuwa lamba 13. Ɓare ƙyallen da ke ƙasa za ka gan shi. In ya ci tsatsa, ɗiga masa kananzir ɗigo uku ko huɗu ka bari ya kwana, amma ka kewaye wurin da tsumma, don kananzir yana barin tabo a katako da marmara. Riƙe ƙoƙon ta gindinsa kake juya noti. Wanda ya riƙe kunnuwa yana murɗawa zai ƙare da kunne a hannu. In noti ya ƙi, yanke sandar da zarton ƙarfe; sabuwa ba ta da tsada a wajen masu kayan ƙarfe na Kasuwar Dole, ka dai tafi da guntun tsohuwar a gwada. Jera sassan a kan tabarma bi da bi yadda suka fito, ka ɗauki hoto.

Ƙura ake fara kawarwa a bushe da buroshi mai laushi. Ƙurar Damagaram yashi ce, in ka bi ta da jiƙaƙƙen tsumma ka yi wa kofi sanfefa ke nan. Bayan haka sai ruwa mai ɗumi lita ɗaya da rabin cokalin shayi na sabulun ruwa na wanke kwanuka, da auduga ko tsohuwar riga mai laushi, da tsohon buroshin haƙori don lunguna. Ɗauraye, ka tsane nan take, domin ruwan da ya bushe da kansa yana barin farin tabo. Katako da marmara ba sa shiga ruwa. Soson ƙarfe, toka, kanwa da asid ɗin batir, ko kusa kada su zo.

In roba ce, aikin tsabta ya ƙare a nan. Man goge ƙarfe zai share ƙyallin ya bar maka baƙar roba, tinar fenti da ruwan goge farce kuma narkar da ita suke. Inda ƙyallin ya ɓare, ko a bar shi, ko a ɗiga fenti ruwan zinariya da tsinke a daidai gurbin kawai.

Baƙin azurfa da koren tagulla

Baƙin da azurfa ke yi haɗuwarta ce da sinadarin farar wuta da ke cikin iska da hayaƙi. Hanya mafi sauƙin sarrafawa ita ce alli, amma sai an tace shi. Niƙa alli sanda biyar, zuba a kofin shan ruwa, motsa, jira rabin minti tsakin ya kwanta, sannan ka tsiyaye farin ruwan sama a wani mazubi ka bari ya kwana. Laushin da ya kwanta da safe shi za ka dangwala da auduga kana shafawa wuri kaɗan-kaɗan, kana canza audugar da zarar ta yi baƙi. In baƙin ya yi yawa, akwai hanyar da ba dirza a cikinta: shimfiɗa takardar alminiyam ta naɗe abinci a roba, zuba ruwan zafi lita ɗaya da cokalin cin abinci ɗaya na bikarbonat (garin soda na girki), ka sa kofin ya taɓa takardar minti 2 zuwa 5. Za ka ji ɗan warin ruɓaɓɓen ƙwai, alamar aikin na ci ne. Aibinta ɗaya, kuma babba ne a wannan aikin: tana kwashe baƙin da ke cikin ramin harufa da ado, wanda shi ke sa rubutu ya fito. Kofi mai rubutu a jikinsa, alli ya fi masa.

Tagulla tsirara tsamiya ce maganinta. Jiƙa cikin tafin hannu ɗaya a rubu'in lita na ruwan ɗumi minti 30, tace sosai, shafa, ka ba ta minti 5. Ɗauraye, ka bi da ruwan da aka sa wa cokalin shayi na bikarbonat don kashe tsamin, ka sake ɗaurayewa. In tsami ya daɗe a kai, yana tsotse tutiyar da ke fuskar tagulla ya bar jan tabo mai wuyar fita. Lemun tsami da gishiri da aka saba da su suna haskawa da sauri, sai dai gishirin yana maƙalewa a haɗe-haɗe, damina na zuwa ya fito da kore.

Akwai tarko a nan. Wasu kofuna an rufe su da siririn banish, shi ya sa suke yin dabbare-dabbare: inda banish ya fashe ya yi duhu, sauran na ƙyalli. Gwada a ɓoyayyen wuri. In ka goga auduga ba ta yi baƙi ba, akwai banish. Ruwan goge farce yana cire shi, amma a kofuna masu araha launin zinariyar a cikin banish ɗin yake, ƙarfen ƙasa fari ne. Garin neman gira a rasa ido. Ɗigo ɗaya a ƙarƙashin ƙoƙo zai gaya maka gaskiya. In auduga ta ɗauko rawaya, tsaya.

Tsatsar baƙin ƙarfe kuwa, ɗiga kananzir, jira awa ɗaya, ka kankare da tsinken itace ko gefen tsohon katin waya. Ramukan da ta bari ba sa cikuwa, kaki irin man takalmi marar launi ne zai rufe su.

Lotsawa

Wannan na tagulla ne da azurfa da siririn baƙin ƙarfe kaɗai. Cika ƙafar tsohon wando da tankaɗaɗɗen yashi kilo 2 ka ɗaure bakin biyu, shi ne matashinka. Sa kafinta ya fere maka guntun itace mai tauri, tsawon taƙi ɗaya, kansa a mulmule daidai da lanƙwasar cikin ƙoƙon, a goge shi sumul. Kwantar da kofi a kan matashin, lotsawar tana ƙasa, shimfiɗa ƙyallen fata a ciki, ka danna da itacen kana mirginawa. Daga gefen lotsawar ake farawa ana kewayawa zuwa tsakiya. Wanda ya fara da tsakiya zai tayar da ƙullutu ya bar zobe kewaye da shi. Sai in dannawa ta gaza ake bugun ƙarshen itacen da gudumar katako, bugu marar ƙarfi, ana dubawa bayan kowane biyar.

Ƙarfe yana taurara yana kuma miƙewa da kowane bugu. In ya miƙe ya kumburo waje, mayar da shi aikin gwani ne, in ya taurara kuma tsagewa ke biye. Maƙeri yakan sassauta tagulla da wuta, amma wuta tana ƙone shafe, don haka kofi mai shafe ba shi da wannan gatan. Kashi takwas cikin goma na lotsawa in ya tashi, ya isa. Inda ta faɗa a kan rubutu a tsaya tun kafin nan, domin ramin harafi nan ne ƙarfe ya fi siranta. Bakin da ya tashi daga da'ira kuwa, naɗa wa kan taɓarya tsumma, kifa ƙoƙon a kai, ka bi gefen da tafin hannu kana juyawa.

Karaya

Kunnen tagulla a jikin ƙoƙon tagulla da dalma ake liƙa shi, irin ta masu gyaran rediyo, mai narkewa ƙasa da digiri 200. Kankare fuskokin biyu kawai da sanfefa lamba 600 har su yi haske, ɗaure kunnen a mazauninsa da siririyar waya, naɗe sauran jikin da jiƙaƙƙen tsumma. Ƙaramin ƙarfen liƙi na lantarki ba ya iyawa, ƙoƙon yana shanye zafin. Sai babban kan jan ƙarfe da aka gasa a gawayi ko ƙaramar wutar gas. Ƙarfen ake zafafawa har dalma ta bi haɗin da kanta. In ta dunƙule kamar ƙwallo, ko wurin da maiƙo ko zafi bai kai ba. A yi a sarari saboda hayaƙin, a wanke wurin da hannu bayan an gama.

Azurfa ta gaske kada dalma ta taɓa ta. Tana shiga jikinta, duk ranar da aka sake sa mata wuta ta ci rami. Kai wa maƙerin fari mai ƙera zobe da awarwaro ya liƙa da sinadarin azurfa, ka nuna masa zanenka, ka gaya masa ƙarara tabon da ba ka so ya taɓa, don hannun maƙeri ya saba da mayar da abu sabo.

Zubin tutiya da roba gam ne nasu, mai bututu biyu irin Araldite, kuma mai kamawa cikin awa 24 ya fi na minti 5 ƙarfi. Gam shi kaɗai ba ya riƙe ƙafar ɗan mutum-mutumi, sai da ƙashi a ciki. Huda rami mai faɗin milimita 2, zurfin 8 zuwa 10, a tsakiyar kowane ɓari. Don ramukan su dace, ɗiga fenti a tsakiyar ɓari ɗaya ka haɗa su, zai bar alama a ɗayan. Yanko wayar tagulla mai kaurin milimita 1.5, gwada haɗin a bushe, goge fuskokin da alkol na kantin magani, ka gauraya gam daidai wa daida tsawon minti ɗaya. Kafa babban ɓarin a ƙwarya cike da yashi yadda ƙaramin zai zauna a kansa da nauyinsa. Abin da ya tsatso a share shi da alkol tun yana ɗanye. A watannin Afrilu da Mayu, da zafi ke haura digiri 40, gam yana daskarewa tun kana gyara zama, don haka da sassafe ake wannan aikin. Gam ɗin nan mai kamawa nan take a bar shi: yana barin farin hazo a kan ƙyalli, faɗuwa ɗaya kuma ya saki.

Mazauni da allon suna

Katakon da hunturu ya tsaga, hure ƙurar tsagar, tura farin gam na kafinta da bakin kati, ka ɗaure da robar tiyub awa 24. Gurbin da ya rage a cike shi da garin katako da aka kwaɓa da gam ɗin. In kana ganin ƙananan ramuka da gari na zuba, akwai ƙwaro a ciki: naɗe katakon da zane, sa a baƙar leda ka ɗaure, ka ajiye a rana tun hantsi har la'asar kwana biyu a jere, zafin zai kashe su. Marmara kuwa tsami ne abokin gabarta, lemu ko tsamiya suna cinye ƙyallinta nan take. Jiƙaƙƙen tsumma ya ishe ta, ɓallin gefe kuma a mayar da gam mai bututu biyu.

Allon suna shi ne abu mafi daraja a jikin kofin, ko da ya fi komai muni. Ba a sa masa sanfefa. Wanke shi, miƙe shi tsakanin katako biyu masu santsi, shafa baƙin man takalmi a kan harufan ka share saman da takarda a shimfiɗe, baƙin zai zauna a ramuka. In ya ɓace gaba ɗaya, a yi sabo da abin da aka tabbatar kawai, a sa shekarar gyara a ƙasansa don kada na gaba ya ɗauka na asali ne. Shekarar da ake kokwanto a kanta ba ta hawa ƙarfe.

Gidan da kyautarsa takobi ce irin ta kokawa, wadda ake ba zakaran gasar ƙasa tun farawarta a Tawa a 1975, ƙa'idar ɗaya ce. Ruwan takobin a share shi da kananzir a sa masa kaki. Koren maiƙon da ke taruwa inda tagulla ta haɗu da fata a ɗebe shi da tsinke. Kuben kuwa a kai wa baduku ya ɗinke ta tsoffin ramukan allura, kada a sake masa sabuwar fata. Da damina a riƙa zare takobin ana shanya kuben a inuwa.

Rufewa da ajiye labarin

Man gyaɗa da man kaɗe ba su dace da ƙarfe ba, suna kama ƙura, suna kuma sa tagulla kore. Man takalmi marar launi ya fi: ɗan kaɗan a tsumma, jira minti 15, goge. Shafi mai kauri yana yin danƙo da zafi. Mayar da sassan yadda hoto ya nuna, sa zoben ƙarfe mai faɗi ƙarƙashin noti, ɗaure da yatsu sannan ka ƙara rubu'in juyi da sufana. Fiye da haka marmara ke tsagewa, wuyan roba ke fashewa.

Kafin ka rufe ƙasan, rubuta labarin a takarda da fensir, don tawadar biro tana dushewa. Sa sunan gasar da wuri da shekara, waɗanda suka buga ko suka kara, sunan mai ba da labarin da ranar da ya bayar, da asalin kowane tabon da aka bari. Abin da mutum ya gani da idonsa a rubuta shi kai tsaye, abin da ya ji a sa masa "an ce". In dattawa biyu sun saɓa, a rubuta duka biyun da sunan kowa. Ƙara abin da ka canza, da irin gam ɗin da ka sa da inda ka sa shi. Naɗe takardar a ƙaramar leda ka sa a ramin mazauni, ba tare da robar ɗaure kuɗi ba, don tana baƙanta azurfa. Rufe da fata da ƙananan ƙusoshi huɗu maimakon gam, yadda za a iya buɗewa. Tsohuwar sanda da duk guntun da bai koma ba su shiga ƴar jaka a ajiye tare da kofin. Muryar da ka ɗauka kuma ka tura wa mutum biyu ko uku cikin dangi ko ƙungiya ta WhatsApp, ka sa kwafi a katin ajiya.

Wurin zamansa ya yi nesa da madafa da kaskon turaren wuta, rana kuma kada ta riƙa dukansa ta taga. Kabad mai gilashi ya fi. In babu, a lulluɓe shi da farin zanen auduga daga Nuwamba zuwa Maris. Buroshi a bushe sau ɗaya a wata, kaki sau ɗaya a shekara bayan ɗaukewar damina. A ranar kakin a buɗe ƙasan a duba takardar, in wani ya tuno sunan da ya ɓace a ƙara shi da kwanan wata.